Nazarin lamari: gidan haya a Bradford da boilarsa ke zubar da ruwa ba wanda ya sani, hunturun 2022 zuwa 2023

Gidan da mutanen cikinsa

Wani ɗan uwanmu ne, ba zan kama suna ba, ya zo Ingila karatun digiri na biyu a watan Satumba 2022, shi da maiɗakinsa da yara biyu, babban shekararsa shida ita kuma ƙaramar ko biyu ba ta cika ba. Daga Zariya suka taso. Ni na riga su zama a garin, layinmu da nasu tafiyar minti biyar ce a ƙafa, a masallaci muka haɗu, shi ya sa kusan duk abin da zan faɗa a nan a kan idona aka yi shi.

Gidan da suka kama irin tsofaffin gidajen dutsen nan ne na Bradford da ke jere manne da juna, waɗanda aka gina tun zamanin da masaƙun ulu ke ci a garin. Nasu shi ne na ƙarshen layi, wato gefe guda babu maƙwabci, iska ce kawai ke dukan bangon dare da rana, kuma bangon dunƙulallen dutse ne ba rata a tsakiya balle a cusa abin tare sanyi. Ɗaki biyu da banɗaki a sama, falo da kicin a ƙasa, radiyeta bakwai. Boilar tana rataye a kicin, irin wadda ake ce wa kombi, ita ke dafa ruwan wanka ita ke ɗumama gida.

Don wanda bai taɓa zama a irin wuraren nan ba: boila gas take ƙonawa ta dafa ruwa, wani ɗan famfo a cikinta ya tura ruwan ya zagaye gida ta bututu, ya bi ta cikin radiyetoci, wato faffaɗan ƙarfen nan da ke jikin bangon kowane ɗaki, ya dawo a sake dafa shi. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye, a rufe yake, bai kamata ya ragu ba. A gaban boilar akwai ɗan agogo mai allura da ke nuna matsin ruwan, in komai lafiya kuma boila a sanyaye allurar tsakanin bar 1 da 1.5 take zama, bar shi ne ma'aunin matsin.

Oktoba zuwa Nuwamba 2022

Tsakiyar Oktoba suka fara kunna hita. Sati bai yi ba wata rana da asuba ya tashi alwala ba ruwan zafi, boila ta ƙi tashi, allura ta sauka kusan sifili. Ya kira ejan ɗin gidan, a waya aka kwatanta masa wani ɗan lanƙwasasshen bututu a ƙasan boila mai makunni biyu, aka ce ya buɗe har allura ta kai 1.5 ya rufe. Ya yi, boila ta tashi, aka ce masa ai haka suke yi, duk sanda ta sauka ya ƙara mata ruwa. Da ya tambaye ni nima abin da na faɗa masa kenan, don tawa ma nakan ƙara mata, sai dai ni sau ɗaya ko biyu a shekara, ban tsaya na tambaye shi nasa sau nawa ba.

Nasa da farko duk sati ne, zuwa ƙarshen Nuwamba ya koma duk kwana biyu.

Shekarar kuma ita ce ta tsadar makamashi. Daga 1 ga Oktoba 2022 gwamnati ta sa wa farashi iyaka yadda matsakaicin gida zai biya kamar fam 2,500 a shekara, lantarki ya kama wajen fens 34 duk yunit, gas fens 10 da ɗoriya, sannan ana rage wa kowane gida fam 400 a rarrabe cikin wata shida. Duk da haka ga ɗalibi mai iyali da aka ƙayyade masa awa 20 na aiki a sati, kuɗin ba kaɗan ba ne. Sai suka tsara wa kansu: hita awa ɗaya da safe, awa biyu da dare, a murɗe boila zuwa ƙarshe don ta yi zafi da wuri, sauran lokaci a kashe. Tagogi a rufe ruf, har ƴan ƙananan kafofin iskan da ke saman taga ta liƙe su da salatif saboda ƙaramar. Wanki kuma ba rana ba tsakar gida, a kan radiyeta ake shanya shi.

Da safe in ka shiga ɗakin yaran za ka ga gilashin taga yana tsiyaya kamar an watsa masa ruwa, maman yara ta ajiye tsohon tawul a dakalin tagar, kullum sai ta matse shi.

8 zuwa 18 ga Disamba 2022: makon ƙanƙara

Wanda ya yi wannan hunturun a Birtaniya ba zai manta waɗannan kwanakin ba, a Braemar ta Sikotland sanyi ya kai digiri 17.3 ƙasa da sifili, mu ma nan kwana da kwanaki ƙanƙarar titi ba ta narke ba. Ana cikin haka boilarsu ta mutu gaba ɗaya. Wannan karon allura tana kan 1.2 lafiya lau, amma in an kunna sai ta yi wani ƙugi kamar mai kurkurar baki ta ɗauke. Ya ƙara ruwa, ba canji. Ya kira ejan aka ce injiniyoyi duk sun cika da aiki, ya jira.

Kwana biyu suka yi haka. Ya sayo ƴar hitar lantarki mai fanka, kilowat 2, suka tattaru a falo su huɗu. Irin wannan hita a farashin lokacin fens 68 take ci duk awa, awa goma fam 6.80 kenan, kuma ɗaki ɗaya tal. Da ya ga yadda mita ke gudu sai suka koma kunna kawunan girki huɗu a bar su suna ci ƙofar kicin a buɗe.

Daren na biyu na je duba su na tarar da haka, har ga ledar gawayi a bakin ƙofa, wai za a sa a kaskon turaren wuta a kai ɗakin yara kamar yadda ake yi a gida lokacin hunturu. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Na ce masa Malam don girman Allah kar gawayin nan ya kwana cikin gidan nan da wuta a jikinsa, ɗakin gida da muka sani iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa ta saman azara, nan kuwa kun toshe ko'ina, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Muka duba na'urar da ke ƙara in wannan gubar ta taru, wadda doka ta wajabta wa masu gidajen haya a Ingila su sa a duk ɗakin da boila take tun 1 ga Oktoba na shekarar, ba mu ga ko ɗaya ba a gidan. A daren na ɗauko ta gidana na kawo musu.

Washegari wani dattijo ɗan Pakistan da ke gidan kusa da su, ya ga muna leƙe-leƙe a bayan gida, ya zo ya nuna mana wani siririn farin bututun roba da ya fito daga bangon kicin ya bi jikin bango kamar mita biyu kafin ya shiga magudana. Ya ƙwanƙwasa shi da makulli, ƙam. Tun Afrilu 2005 kusan duk boilar gas da ake sawa a Ingila irin mai tatsar zafi daga hayaƙinta ce, tururin hayaƙin ya koma ruwa ya riƙa ɗiga ta wannan bututun, to in ya daskare ruwan sai ya koma baya cikin boila ita kuma ta kashe kanta. Muka dafa ruwa a gidan dattijon muka sirka ya zama mai ɗumi, ba tafasasshe ba don kar robar ta tsage, muka riƙa kwarara wa bututun buta bayan buta. A ta huɗu muka ji ƙaras, wani dogon sandan ƙanƙara kamar alli ya zamo ya faɗo. Aka danna makunnin sake tashi, boila ta kama.

Muka naɗe bututun da tsohon bargo da leda, kowa ya yi hamdala, a zatonmu an gama.

Ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Janairu 2023

Ba a gama ba. Allura ta ci gaba da sauka, yanzu kullum. Ga sabon abu kuma: radiyetar falo da ta ɗakin yara sama zafi ƙasa sanyi ƙalau, ta banɗaki kuwa akasin haka, ƙasa ɗumi sama sanyi tana ta ƙulu-ƙulu.

Bayan Kirsimeti ejan ya turo wani mai gyare-gyare, ba injiniyan gas ba, irin mai taɓa kowane aiki. Ya zagaya da ɗan makulli ya sace iskar kowace radiyeta, ta banɗaki ta gyaru nan take don ita dama iska ce ta taru a samanta. Ya duba ƙarƙashin kafet bai ga jiƙa ba, ya ce wataƙila wani ɗan yoyo ne a ƙarƙashin dabe, ya ɗura wani ruwan magani na toshe yoyo ya tafi. Kwana uku allura ta koma gidan jiya. Falo da ɗakin yara ko gezau.

A wannan tsakanin ne aka ja wadirof ɗin ɗakin yara don neman wani takalmi, sai ga bangon bayansa baƙi ƙirin da fumfuna tun daga ƙasa har kusan tsayin ƙugu, ta kama bayan katakon, ta kama wata jakar atamfofi da maman yara ba ta ko ɗinka ba. Bangon nan ne na ƙarshen layi. Ta goge da bilic, sati biyu fumfunar ta dawo. Ƙaramar kuma tari ya ƙi ƙarewa, an kai ta wajen likita sau biyu. Lokacin labarin Awaab Ishak bai daɗe da fita ba, yaron nan ɗan shekara biyu, iyayensa ƴan Sudan, da ya rasu a Rochdale a Disamba 2020, wanda a Nuwamba 2022 binciken kotu ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi. Rochdale ba ta da nisa da mu. Maman yara ta ce min, Yaya ni ba sanyin ne ya dame ni ba yanzu, bangon nan ne.

Makon da aka fara rubutawa

Abin da ya juya lamarin ba wani abu ne mai tsada ba. Wani ɗan uwa da ke aikin gini a Leeds ya ce masa ya daina ƙara ruwa ido rufe, ya samu littafi ya riƙa rubuta inda allura take sau uku: kafin a kunna, bayan minti 40 da kunnawa, da kuma washegari da asuba. Ya kuma ce ya fita waje ya nemi wani ɗan gajeren bututun jan ƙarfe da ya leƙo daga bango daidai bayan boila, bakinsa a lanƙwashe yana kallon bango, ya ɗaura masa ledar burodi da kyauro.

Kwana biyar ya yi yana rubutu, kusan abu ɗaya kullum. A sanyaye bayan ya ƙara ruwa, 1.3. Bayan minti 40, allura ta haye har 2.9, wani lokaci ta taɓa 3, cikin jan layi. Da asuba, 0.4. Duk watannin nan bai taɓa kallon agogon ba lokacin da hita ke ci, sai in ta mutu. Ledar kuwa ranar farko da yamma ya same ta ta yi nauyi, ruwa ya kai rabin kofi, baƙi-baƙi.

Muka sayi ɗan agogon auna zafi da laimar iska na fam kaɗan muka ajiye a ɗakin yaran. Da asuba digiri 11 zuwa 12, laima sama da kashi 80 cikin 100. Abin da hukumomin lafiya na ƙasar ke ba da shawara shi ne kar ɗaki ya gaza digiri 18, laima kuma an fi son ta tsakanin 40 da 60.

Da wannan ya bar kiran waya ya koma rubutu. Ya tura wa ejan da lanlod, wato mai gidan, imel ɗaya, da hoton littafin, da hoton ledar, da hoton bangon, ya ambaci sashe na 11 na dokar masu gida da ƴan haya ta 1985 wadda ta ɗora wa mai gida gyaran kayan ɗumama gida da na ruwan zafi, ya nemi a turo injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda doka ta yarda su taɓa kayan gas, ya nemi takardar binciken gas ta shekara da ba a taɓa ba shi ba, ya ce in ba a yi ba zai kai maganar sashen lafiyar muhalli na kansul, wato ƙaramar hukuma. Cikin ladabi ya rubuta, ba zagi ba hayaniya. Kwana huɗu aka turo mutum.

Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu 2023: gyaran

Injiniyan da ya zo ya nuna katinsa tun a bakin ƙofa, ya karanta littafin kafin ma ya ajiye jakarsa. Ya buɗe boila ya nuna mana wani faffaɗan jan tanki a bayanta. Ya ce ruwa in ya yi zafi kumbura yake, daga sanyi zuwa digiri 80 yakan ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, kuma tunda a rufe yake dole a ba shi wurin da zai je. Tankin nan rabi iska ne rabi ruwa da roba a tsakani, ruwa ya kumbura ya danne iskar, ya huce iskar ta maido shi. A jikinsa akwai bawul irin na tayar mota sak. Ya sa farce ya danna, maimakon iska ta fito sai ruwa ya tsarto masa a hannu. Robar ta fashe, tankin ya cika da ruwa, ba sauran wurin numfashi.

Daga nan komai ya fito fili. Hita ta kama, matsi ya haura, ya kai bar 3 wani bawul na kariya ya buɗe ya zubar da ruwa waje ta bututun jan ƙarfen nan, boila ta huce allura ta faɗi. Bawul ɗin ma don yawan buɗewa datti ya maƙale a bakinsa ya daina rufewa sosai, shi ya sa abin ya tashi daga sati-sati ya koma kullum. Yoyo a ƙarƙashin dabe babu shi.

Ya canza tankin da bawul ɗin a ranar. Sannan ya kwance radiyetar falo muka kama masa aka fitar bayan gida, ya sa mata tiyo. Abin da ya fito baƙi ne mai kauri kamar tsohon baƙin mai, ya ɗebo kaɗan a murfin roba ya kanga maganaɗisu, lakar ta taso ta manne. Tsatsar cikin radiyetocin ce. Ya ce tsohuwar laka ce ta shekaru, amma sabon ruwan famfo da ake ɗurawa kullum yana shigowa da iska, iskar na ƙara cin ƙarfe, kuma duk ruwan da ya zube waje yana tafiya da maganin hana tsatsa da ke ciki. Lakar ta kwanta a gindin radiyeta, shi ne sama zafi ƙasa sanyi.

Wankin bututun gaba ɗaya sai da lanlod ya yi jan ƙafa sati biyu kafin ya yarda. Tsakiyar Fabrairu aka yi, wuni guda, aka zuba sabon maganin tsatsa, aka ɗaura matatar maganaɗisu a bututun da ke dawo da ruwa boila. Ya daidaita bawul ɗin kowace radiyeta, ya rage wa na kusa da boila don ruwa ya isa na nesa. Farin bututun da ya daskare a Disamba ya yanke shi ya maido shi ciki ya haɗa da magudanar sinkin kicin. Aka kafa na'urar gubar iska.

Kafin ya tafi ya sauke zafin ruwan radiyeta daga kusan 80 zuwa 60. Malam ya ce ai gidan zai ƙara sanyi. Injiniyan ya ce a'a, irin wannan boilar ba ta tatsar zafin hayaƙinta sosai sai ruwan da ke dawo mata ya sauka ƙasa da wajen digiri 55, a bar ta ta daɗe tana ci a hankali ya fi a ƙure ta awa ɗaya a kashe.

Ɓangaren mutanen gida kuma, aka ɓare salatif ɗin tagogi, aka sa ma'aunin ɗumi a 18 da rana 16 da dare, wadirof ya koma bangon da ke manne da maƙwabta, shanya ta koma banɗaki ƙofa a rufe fankar zuƙe iska a kunne, ana rufe tukunya in ana girki, da safe a buɗe tagogin sama minti goma. Wannan na buɗe tagar sai da aka sha fama da maman yara, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce da yarinya mai tari. Agogon laimar ne ya shawo kanta, da idonta ta ga lambar na sauka.

Maris 2023 zuwa hunturun da ya biyo baya

Ranakun 9 da 10 ga Maris dusar ƙanƙara ta sauka sosai a arewacin Ingila har motoci suka kwana a kan babbar hanyar M62. Boila ba ta ɗauke ba. Littafin ya nuna 1.2 a sanyaye, 1.7 da zafi, 1.2 da asuba. Ɗakin yara digiri 17 zuwa 18, laima tsakanin 55 da 62. Gas ɗin da suka sha a Maris ya ɗan fi na baya, lantarki kuma ya sauka sosai tunda an ajiye hitar fanka, jimilla kusan kunnen doki, sai dai yanzu gidan duka ne da ɗumi. Tarin ƙaramar ya lafa kafin azumi, ko gyaran ne ko canjin yanayi ko maganin likita, wataƙila duka.

Fumfuna ba ta dawo bayan wadirof ba. Amma wani lungu a saman bangon ƙarshen, kusa da silin, ya ci gaba da jiƙewa duk sanda aka yi ruwan sama ko da hita na ci. Wannan ba gumin ɗaki ba ne, indararon rufin ne ya tsage ruwa ke bin dutsen yana shigowa, sai da bazara aka gyara shi.

Yadda na ga lamarin

Matsala huɗu ce ta haɗu a gida ɗaya, kowacce tana ɓoye ƴar uwarta: tankin da ya fashe, bututun da aka bi da shi ta waje ba rufi, lakar cikin radiyeta, da laimar da rufe gida da shanya suka tara a kan bango mai sanyi. Narkar da ƙanƙara da sace iska duk gyara ne na gaskiya, sun magance abin da suka magance, shi ya sa kowane karo muka ɗauka an gama. Maganin toshe yoyo ne kaɗai aikin banza, an zuba shi ne a kan zato.

Babban nauyin a wuyan masu gidan yake. Boilar da ake dubawa duk shekara da wuya tankinta ya mutu ba a gani ba, kuma duk wanda aka ce masa ana ƙara ruwa duk kwana biyu ya san ruwan nan wani wuri yake zuwa. Shawarar "ka ƙara mata ruwa" ita ta ci wata uku, kuma ina cikin waɗanda suka ba da ita, abin yana damuna har yanzu in na tuna daren gawayin nan. Kashe hita da toshe tagogi kuwa ba sakaci ba ne, lissafin mai ƙaramin ƙarfi ne da dabarar da ta yi mana aiki a hunturun gida, inda iska busasshiya ce kuma rana na fitowa ta busar da komai, a nan ne ba ta yi ba.

Sun bar gidan a 2024 bayan ya gama karatu ya samu aiki a wani gari. Wasu ƴan uwa ne daga Katsina suka karɓi hayar, ranar da zai miƙa makulli ya kai sabon maigidan kicin ya nuna masa agogon da jan layin, ya fita da shi baya ya nuna masa bututun jan ƙarfen, littafin kuma ya bar masa shi a saman boila da biro a ciki.